Wa Ke Riƙe da Mudun? Tarihin Masu Sa Ido Kan Kuɗi Kamar Yadda Na Hango Shi Daga Arlit



Wannan rubutu ya samo asali ne daga wani aikin gida da ya gagare ni. A darasin fassara malaminmu ya ba mu wata ƴar takarda ta Faransanci kan harkar banki, ya ce mu mayar da ita Hausa. Ina cikin tafiya lafiya lau sai na ci karo da "régulateur financier", na tsaya cik. Na rubuta "mai sa ido", na goge, don ɗan sa ido a unguwarmu ba mutumin kirki ba ne. Na rubuta "alƙali", na ga ai alƙali sai an yi faɗa ake zuwa wurinsa. Na rubuta "mai gadi", sai dariya ta kama ni.

Da na je hutu Arlit na tambayi Baba. Shi direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa wa wani ɗan kwangila kamyo a Akokan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ke ƴar boko, a kasuwa ai ba a tambayar wa ya fi hatsi. Tambaya ita ce wa ke riƙe da mudu." Daga ranar na shiga bin tarihin masu riƙe da mudun, kuma abin da na tarar ya shafi tukunyar gidanmu fiye da yadda na zata.

Kafin banki akwai sarkin kasuwa

Bari in fara da sana'ata, wato kalmomi. "Kuɗi" a asali jam'in "wuri" ne, wannan ɗan farin abin da ake kawowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. "Dala" da muke ƙirga sefa biyar da ita dangin sunan tsohon kuɗin azurfa ne na ƙasar Ostiriya, mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda ya daɗe yana yawo a kasuwannin Sahara. "Jika" kuwa jaka ce, wadda ake zuba kuɗi a ɗaure. Kun ga tun fil azal kuɗinmu baƙo ne, daga nesa yake zuwa.

Amma kasuwar tamu ce, kuma tana da masu ita. Akwai sarkin kasuwa mai raba rumfuna da kashe rigima. Akwai dillali, kalmar da muka aro daga Larabci, wanda ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ci la'adarsa, in ciniki ya ɓaci kuma shi za a kama. A daular Usmaniyya akwai muhtasibi mai duba mudu da sikeli don hana algus. A Agadas akwai Sarkin Turawa, wanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya ambaci sarautarsa bayan ya sauka garin a watan Oktoba na 1850. Kada sunan ya ruɗe ku: a lokacin Larabawan arewa ake ce wa Turawa, kuma aikin sarkin shi ne kula da waɗannan baƙin fatake da harajin kayansu.

Abin da na lura da shi shi ne duk waɗannan mutane ana ganinsu da ido. An san ƙofar gidansu, an san surukansu. In sarkin kasuwa ya karkata, washegari gari ya ɗauka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda manyan kasuwanni suka naɗa nasu sarakunan

A manyan ƙasashe, kusan kowace hukumar sa ido bayan wata masifa aka haife ta. Amurka ta kafa babban bankinta a 1913, bayan ruɗanin bankuna na 1907. Kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoba 1929, dubban bankuna suka bi ta, talakawa suka wayi gari ajiyarsu ta tafi. Sai a 1933 aka kafa hukumar FDIC mai lamunce kuɗin ajiya, a 1934 kuma aka kafa SEC mai tilasta wa kamfanonin da ke sayar da hannun jari su faɗi gaskiyar abin da ke cikin littattafansu. Shugabanta na farko, Joseph Kennedy, shi kansa gwanin cacar hannun jari ne. Wasu suka ce an ba kura ajiyar nama, wasu suka ce ai ɓarawo shi ya san hanyar ɓarawo.

A 1974 wani bankin Jamus mai suna Herstatt ya durƙushe, ya ja wasu bankunan waje suka yi asara, sai manyan bankunan ƙasashe masu arziki suka kafa kwamitin Basel, wanda ke tsara yawan jarin da ya kamata banki ya riƙe kafin ya ba da bashi. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar kafa CFTC, mai lura da cinikin alkawari, wato a sayi kaya yau a kan farashin da aka yanke, a biya ko a karɓa nan gaba. Faransa tana da AMF tun 2003, wadda ta gaji wata hukumar da aka kafa a 1967.

In ka tattara ayyukansu ba su wuce huɗu ba: kare mai ajiya, kare mai zuba jari, hana maguɗin farashi, da hana gobarar banki ɗaya ta cinye unguwa duka. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai a cikin huɗun nan ku nemo mini wanda ke kare mai haƙo kayan da ake cinikin. Babu. Majalisar da ta kafa hukuma, mutanenta take karewa.

Ranar da aka yanke farashi ba mu wurin

An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969, aka fara fitar da ƙarfen da rediyo ke ce wa yuraniyom, mu kuma muke ce wa iraniyom, a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, ta fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akokan a 1978. Ma'aikata suka samu site mai ruwa da wuta. Sauran jama'a da suka biyo ƙamshin arziki suka kafa bukkoki a gefe, har sunan ya zama sunan unguwa. Ni can aka haife ni.

To wa ke yanke farashin wannan ƙarfe? A nan na sha mamaki. Iraniyom ba shi da kasuwa irin ta zinariya ko man fetur, inda ake kiran farashi a fili kowa na ji. Mafi yawansa da kwangila ta shekaru ake sayar da shi, tsakanin kamfani da kamfani, a rufe. Farashin da kuke ji a labarai wasu kamfanoni biyu ne masu zaman kansu a Amurka, UxC da TradeTech, ke tattara bayanan ciniki su wallafa.

A 1972 masu haƙar iraniyom na Kanada, Faransa, Afirka ta Kudu da Ostareliya, tare da kamfanin Rio Tinto Zinc na Ingila, suka haɗu a Paris a asirce, suka raba kasuwar duniya tsakaninsu, suka tsayar da farashin da ba wanda zai sayar ƙasa da shi. Hujjarsu ita ce Amurka ta rufe kasuwarta ga iraniyom na waje, farashi ya faɗi. Na Nijar da na Gabon a cikin kason Faransa aka lissafa su. Nijar ba ta da kujera a wurin. Asirin bai tonu ba sai a 1976, da wasu takardu suka ɓulla daga Ostareliya. Me masu sa ido suka yi? Gwamnatin Kanada ta yi dokar hana fitar da bayanan ƙungiyar. A Amurka kuwa, a 1978, aka ci tarar kamfanin Gulf Oil dalar Amurka 40,000. Wallahi da na karanta adadin sai da na sake dubawa, na zaci an manta wasu sifiri.

Shugaba Diori Hamani ya so a sake lale. Bayan tashin farashin man fetur a 1973 ya nemi a ƙara wa iraniyom daraja. Tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai a Maris 1974, aka tashi ba a daidaita ba. Shugaba Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, ranar 15 ga Afrilu kuma Seyni Kountché ya kifar da Diori. A fada-fadar shayi za ku ji ana cewa iraniyom ne kaɗai ya ci Diori. Tarihi ya fi haka faɗi: akwai fari da yunwa, akwai zargin karkatar da abincin agaji, akwai fushin sojoji. Abin da ke tabbas shi ne an yi juyin mulkin ana tsakiyar ja-in-ja kan farashi.

Daga baya farashin ya tashi da kansa. Laba ɗaya, wadda ba ta kai rabin kilo ba, ta tashi daga wajen dalar Amurka 6 a farkon shekarun 1970 zuwa sama da 40 a 1978. Iraniyom ya zama fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke sayarwa waje. Aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, aka kafa SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin, manyan gine-gine suka tashi a Yamai, aka ci bashi da ƙarfin gwiwa. A 1981 abin da aka haƙa ya haura tan 4,000. Amma tun 1979 haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island ya sanyaya gwiwar masu saye. Farashi ya gangara, bashi kuwa yana nan daram.

Sefa da masu ita

Nan ne mai riƙe da mudu na biyu ya shigo. An ƙirƙiri sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Haruffan CFA a lokacin suna nufin yankunan mulkin mallakar Faransa a Afirka. Bayan ƴancin kai aka sauya ma'anarsu, aka bar haruffan yadda suke. A matsayina na ɗalibar harshe wannan ya burge ni: mu mun saba ganin kalma ta sauya sauti ma'ana na nan, ga shi an sauya ma'ana don kada a taɓa sauti.

Babban bankinmu, BCEAO, hedkwatarsa a Paris take har zuwa 1978 da aka mayar da ita Dakar. Ba a samu ɗan Afirka a kujerar gwamnansa ba sai tsakiyar shekarun 1970, wato Abdoulaye Fadiga na Kot Dibuwa. Ƙa'idar ita ce Faransa ta lamunce canjin sefa a kan farashi tsayayye, mu kuma mu ajiye wani kaso na kuɗin wajenmu a baitulmalinta: kashi 65 daga 1973, kashi 50 daga 2005, har zuwa gyaran da aka sanar a Abijan a Disamba 2019 wanda ya soke wannan ajiya.

Da arzikin iraniyom ya ja baya, bankin raya ƙasa na BDRN ya cika da basussukan da ba a biya ba, ya durƙushe, aka rufe shi a 1990, SONIBANK ta tashi a gurbinsa. Ba mu kaɗai ba ne, bankuna da dama sun faɗi a Benin, Senegal da Kot Dibuwa a shekarun. Shi ya sa a 1990 ƙasashen suka kafa Hukumar Bankuna ta UMOA mai mazauni a Abijan, wadda ke binciken littattafan bankuna, tana da ikon tsige shugabanninsu ko ƙwace lasisi. Kun ga mu ma sai da ɓarawo ya tafi muka gyara ƙofa.

Sai 1994. Ranar 11 ga Janairu, a Dakar, shugabannin ƙasashen sefa tare da Faransa da asusun FMI suka sanar da karya darajar kuɗin da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Baba ya ce ranar ce ya fara jin kalmar "dabaluwasiyo", kuma ba wanda ya iya fassara masa ita sai mai kanti, da ya ɗaga farashin madara da sukari kafin la'asar. A gari irin Arlit, inda komai a mota yake zuwa, tun daga shinkafa har maganin ciwon kai, abin ya yi zafi. Kamfanin da ke sayar da kayansa da kuɗin waje ya samu sauƙin biyan albashi, mai karɓar albashin kuwa jikarsa ta rame a aljihu. Masana tattalin arziki suna cewa sefa ta yi tsada fiye da kima a lokacin, kuma karyawar ta taimaki masu fitar da dabbobi da albasa. Ina jin akwai gaskiya a ciki. Abin da ya tsaya wa Baba a rai shi ne a rediyo ya ji. Tun 1999 kuma sefa a jikin yuro take ɗaure, yuro ɗaya sefa 655.957, wato abin da babban bankin Turai ya yanke a Frankfurt yana iso mana ko ba mu aika goron gayyata ba.

Cinikin biri a sama

A watan Yuni 2007 laba ɗaya ta iraniyom ta kai kusan dalar Amurka 136. In ka juya shi zuwa kilo da sefa, ya haura jika 160. A daidai lokacin, farashin da ake sayen na Nijar sefa 27,300 ne kowane kilo. Gwamnatin Tandja Mamadou ta matsa, ya koma 40,000 a 2007, sannan 55,000 a 2008. A nan dole in yi adalci: farashin kwangila ba ya bin na kasuwa sau da ƙafa, kuma a shekarun 1990 da kasuwa ta mutu, na Nijar ya fi na kasuwa tsada. Matsalar ita ce gwamnati da kamfani ne ke zama su yanke, ba wani na uku da ke duba mudun, ɗan ƙasa kuwa sai dai ya ji sakamako.

A wannan shekara ta 2007 kasuwar NYMEX ta New York ta buɗe cinikin alkawari na iraniyom. A wannan ciniki ba a miƙa ko cokali ɗaya na ƙarfen, bambancin farashi kawai ake biya. Kakanninmu sun riga sun raɗa masa suna: cinikin biri a sama. Kuma wannan cinikin yana da hukumar da ke tsaron sa, wato CFTC. Mai caca da farashin a New York yana da inda zai kai ƙara in an cuce shi.

Ita ma Areva, uwar kamfanonin Arlit a lokacin, ta sayi nata birin. A 2007 ta biya kimanin yuro biliyan 1.8 ta sayi kamfanin UraMin mai filaye a Namibiya, Afirka ta Tsakiya da Afirka ta Kudu. Filayen ba su ba da abin da aka zata ba. Haɗarin Fukushima ya zo a Maris 2011, farashi ya karye, a ƙarshen shekarar kamfanin ya amsa cewa mafi yawan kuɗin ya narke. A 2014 ya yi asarar yuro biliyan 4.8. Kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta miƙa batun UraMin ga masu gabatar da ƙara, gwamnatin Faransa ta zuba biliyoyi ta ceto kamfanin, a 2018 ya koma Orano. Mu kuwa namu rabon shi ne Imuraren: an aza harsashinsa a 2009 da alkawarin tan 5,000 a shekara, aka dakatar da shi a 2014. Yayyenmu nawa suka koyi walda da tuƙin manyan injuna saboda Imuraren?

Sau ɗaya dai dokar wata kasuwa ta haska mana fitila. Bayan rushewar bankin Lehman Brothers a 2008 an yi ta gyaran dokoki, a 2013 kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa manyan kamfanonin haƙar ma'adinai su bayyana abin da suke biyan kowace gwamnati. Da Areva ta fitar da nata lissafin, ƙungiyoyin Oxfam, ONE da Sherpa suka duba, suka wallafa a 2017 cewa Nijar na ba da kusan kashi 30 na iraniyom ɗin kamfanin amma kashi 7 kacal take samu na abin da yake biyan ƙasashe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku lura fa, wannan ya zo ne bayan yarjejeniyar Mayu 2014, wadda ƴan farar hula irin su ROTAB suka yi ta fafutuka a kanta, aka amince harajin ma'adinai zai iya tashi daga kashi 5.5 har zuwa 12 gwargwadon ribar kamfani. Darasin da na ɗauka: doka ta tilasta a buga lissafi, amma sai da aka samu masu zama su karanta shi.

A yankinmu ma akwai kasuwar hannun jari, BRVM ta Abijan, da ta fara aiki a 1998, da hukumar da ke sa mata ido, wadda yanzu ake kira AMF-UMOA. Amma SOMAIR da COMINAK ba su taɓa shiga wannan kasuwa ba. Wato babbar dukiyar ƙasar ba ta taɓa bi ta gaban sarkin kasuwar yankin ba.

Abin da ya iso ƙofar gidanmu

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarewar ma'adinin da tsadar haƙa, ga farashi a ƙasa. Ma'aikata wajen 600 suka tsaya, ban da ɗaruruwan masu aiki ƙarƙashin ƴan kwangila. Baba na cikinsu. Maigidansa ya sallame shi da abin da bai kai mu damina ba. A cikin wannan shekarar wani asusu mai suna Sprott, da ke kasuwar hannun jari ta Toronto, ya shiga sayen iraniyom yana jibgewa a rumbu, masu jari suna sayen takardarsa. A Janairu 2024 laba ta sake haura dalar Amurka 100. Baba na zaune a gida yana jin haka a rediyo.

Inna kuwa tata asarar ta riga ta Baba. Tana sayar da abinci, tana adashi da matan unguwa. Wata shekara aka zo aka ce adashi ya zama tsohon yayi, ta kai kuɗinta wani ƙaramin asusun ajiya mai ofis da tambari. Wata safiya suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Har yau littafin ajiyar na cikin kwallarta. Sai da na shiga wannan bincike na san cewa Nijar na da hukumar ARSM mai ba irin waɗannan asusu izini da bincikensu, kuma tun 2014 yankin UMOA na da asusun lamunin ajiya, wanda ke biyan mai ajiya har sefa 1,400,000 in banki ya faɗi, ko 300,000 in ƙaramin asusu ne da ke cikin tsarin. Inna ba ta taɓa jin ko ɗaya ba. Ba ta san akwai takardar izini da ya kamata ta ce a nuna mata ba. Da wane harshe aka rubuta sanarwar? Kun san amsa.

Nawa rabon ya zo a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata. BCEAO ta soke bashin sefa biliyan 30 da Nijar ke shirin ɗauka a kasuwar yankin, ta riƙe asusun gwamnati, takardun kuɗi suka yi ƙaranci. Na yi kwana uku ina sammako a layin wani banki a Yamai don in ciri ɗan abin da kawuna ya turo mini na haya. Kuɗin na nan a rubuce, amma ba a hannu ba. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024. Ko mene ne ra'ayinka kan siyasar lokacin, a layin nan na fahimci cewa mai riƙe da mudu yana iya kife shi gaba ɗaya.

Yanzu kiɗa ya sauya. An ƙwace lasisin Imuraren daga Orano a Yuni 2024, a Yuni 2025 gwamnati ta sanar da mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, kamfanin kuma ya garzaya kotunan sasanci na duniya. Nijar ta fita CEDEAO, amma har yanzu sefa muke kashewa, BCEAO ce babban bankinmu. Abokaina da yawa suna murna, ni ma ina fahimtar murnar. Sai dai tarihin BDRN yana tuna mana cewa na gida ma yana iya tauye mudu. In mudun ya dawo hannunmu, tambayoyin ba su canza ba: nawa aka sayar, wa ya saya, ina kuɗin ya shiga, nawa ya dawo Arlit da Akokan, wa zai duba, kuma wa zai duba mai dubawar?

Kalmar da na miƙa wa malam

A ƙarshe na rubuta "mai tsaron mudu". Malam ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta cewa ba a saba da ita ba. Gaskiyarsa. Amma da na gwada ta a kan Inna ba ta ce in maimaita ba, sai ta ce: "To shi wannan ɗin, ina gidansa?" Wannan ita ce tambayar da sarkin kasuwa na da bai taɓa buƙatar a yi a kansa ba.

Ga abin da nake roƙon ƙungiyarmu. Mu da muke karatun harsuna, da ku ƴan sashen tattalin arziki da na shari'a, mu zauna mu fassara abu uku zuwa Hausa da Tamashek da Zabarmanci: yadda ake gane asusun ajiya mai izini, abin da mai ajiya zai samu in banki ya faɗi, da inda ake kai ƙara. Shafi biyu ya isa. Injin da ya buga wannan ɗan littafi zai iya buga shi, gidajen rediyon unguwa kuma za su karanta in mun kai musu. Ni na fara jera kalmomin, na kai arba'in da ɗaya, kuma "lamuni" da "jingina" suna ba ni wahala wajen rarrabewa. Duk wanda kakarsa ko kakansa ya taɓa dillanci, don Allah ya tambayo mana yadda suke faɗa, ya same ni bayan taron ranar Asabar.